An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Masu Cinye Dajinmu Ba a Kan Keke Suke Zuwa Ba

Wata ranar kasuwa da hantsi, a wani shinge da ke hanyar shigowa Garwa a arewacin Kamaru, an tsayar da wani dattijo mai keke. Itace ya ɗauro, dami biyu, ya ɗaure da tsohuwar roba. Aka sa shi ya kwance ya sauke, ana ta ja-in-ja da shi kan tara. Ana cikin haka sai ga gingimari an jibga mata buhunan gawayi har sun haura kan direba, an toshe bakin kowane buhu da ciyawa. Yaron mota ya diro da takarda a ninke, ya shiga rumfa, bai yi minti biyu ba ya fito yana dariya, aka ɗaga sanda. Dattijo yana nan tsugune a rana.

A yi lissafi. A ce buhu 200 ne a motar, kowanne kilo 40. Tan 8 ke nan na gawayi. Ramin gawayi irin na gargajiya yakan ci kilo 7 zuwa 10 na itace kafin ya ba da kilo 1, don haka motar nan ita kaɗai ta lashe tan 56 zuwa 80 na itace. Kayan dattijon da wuya su wuce kilo 60. Sai ya yi sawu kusan dubu kafin ya kamo abin da motar ta wuce da shi a tashi ɗaya.

Matsayina ke nan tun daga farko: sare daji ba bisa ƙa'ida ba laifi ne na kuɗi da takarda, kuma a wajen masu kuɗi da masu sa hannu ya kamata a neme shi. Muddin ƙarfin doka a kan mai keke da mai jaki da matar da ta ɗauko ƙirare yake ƙarewa, za a ci gaba da tara rasit, daji kuma yana tafiya. Sannan ba za a iya hukunta na haram ba sai an buɗe wa itacen girki hanyar halal wadda talaka zai iya bi.

Masu saran nan ba ɗaya suke ba

Akwai mai ɗiban na girkin gidansa. Shi wannan doka ma ta san da shi. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 20 ga Janairun 1994 ta bar wa mazauna yanki haƙƙin amfani da dajin da ke kusa da su don buƙatar kansu, ban da sayarwa. A watan Yulin 2024 an yi sabuwar doka da ta maye gurbinta, ta kuma ƙara tsananta hukunci, amma mutum nawa ne a Ngong ko Mokolo aka taɓa karanta wa ko da shafi ɗaya da harshen da yake ji?

Akwai kasuwar itace da gawayi mai ciyar da Garwa da Marwa da Ngaundare da Kuseri. Nan ne mafi yawan itatuwa ke tafiya. Wanda ke cikin hayaƙi a daji ɗan ƙwadago ne kawai. Uban tafiyar yana gari: shi ke ba da kuɗin gaba, ya sayi injin sara, ya aika da fetur da garin tuwo da buhuna, ya turo mota idan kaya sun taru. Idan aka kama yaran ya ce bai san su ba. Itacen da suke nema kuwa ba kowanne ba ne. Ƙirya da marke suke bi, don gawayinsu nauyi gare shi kuma yana daɗewa a kurfoti. Da sun ƙare sai a koma kan kaɗanya da tsamiya da ɗorawa, itatuwan da a da ko yaro ya san ba a sa musu gatari.

Sai masu katako mai tsada, kuma sarkinsu madobiya. Wannan itace da ke zubar da jan ruwa kamar jini idan an sare shi, shi ake kai wa ƙasar Sin a yi kujeru da gadaje na alfarma. Cinikinsa ya bi ƙasashen Afirka ta Yamma ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya ƙare a matsa gaba. A Taraba ta Najeriya har suna aka laƙaba masa, wai "Madrid". Da na can ya yi ƙaranci, sai masu inji suka fara leƙowa ta wannan gefen iyaka, ta wajen Faro da Mayo-Banyo, a sara a nan a fitar ta can.

A wurin da aka yi wa madobiya aiki za a tarar da kututture, da rassa zube da ganyensu, da tarin sassaƙe fari. Zuciyar itacen kawai suke so. Sukan yanka gungume wajen mita 2, su fere farin bayan su mai da shi mai kusurwa huɗu don ya jeru a kwantena, sauran kuma a bar wa wutar daji. Tun daga Janairun 2017 madobiya tana cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, ta ce ba a fitar da su sai da shaidar cewa saran bai cutar da irin ba. A Yunin 2022 aka dakatar da cinikinta daga wasu ƙasashe, Kamaru da Cadi na ciki. A ƙarshen shekarar kuma aka shigar da maɗaci da kawo cikin jerin.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, madobiya da kawo da maɗaci su ne abincin shanu a tsakiyar rani. Idan ciyawa ta ƙone, su makiyayi ke hawa ya sassabo ganye. Ranar da ya zo ya tarar da kututture, garken zai gangara fadama, inda wani ya shuka albasa ko masakwa. Rigimar da za ta biyo baya za a kira ta rikicin manoma da makiyaya, babu wanda zai ambaci mai inji.

Yadda haram ke zama halal a kan takarda

Gingimarin da na ambata ba ta wuce hannu rabbana ba, takarda gare ta. Dabarun sanannu ne.

Na farko, kashe itace da gangan. Tun da busasshe ake bari a ɗiba, sai a zagaye gindin ɗanye a ɓare ɓawonsa faɗin tafin hannu, ko a tara masa ƙirare a cinna wuta. Bayan wata uku ko huɗu ya bushe a tsaye, a zo a sare a ce mushe aka tsinta. Mai ido yana ganewa: zoben sara a gindi, ko baƙin ƙuna a gefe guda, kuma itatuwa goma a jere duk sun "mutu" lokaci ɗaya alhali na kusa da su kore shar.

Na biyu, takarda ɗaya sawu biyar. Idan ba a rubuta rana da lambar mota da adadin buhu ba, ko an rubuta amma babu mai soke ta a shingen ƙarshe, gobe ma da ita za a dawo. Haka nan a biya kuɗin buhu 50 a ɗauko 200, don babu mai hawa ya ƙirga.

Na uku, fakewa da share gona. Mutum ya karɓi fili daga hannun jauro da sunan noma, ya sare komai ya ƙona gawayi, ya yafa masara shekara ɗaya don a gani, ya matsa gaba. A yankin Binuwai da Mayo-Rey, inda jama'a suka daɗe suna kwararowa daga arewa mai nisa neman ƙasar noma, da wuya a bambance manomin gaskiya da ɗan gawayin da ya ari fartanya.

Na huɗu shi ya fi ci mini rai: gwanjo. Doka ta yarda a sayar da kayan da aka ƙwace, ta kuma yarda a sasanta laifi da biyan kuɗi maimakon zuwa kotu. Idan mai kayan ko yaronsa ya dawo ya saye su a gwanjo, ya fita da takardar hukuma mai hatimi, katakon sata ya zama tsarkakakke. Tarar kuma ta zama ɗaya daga cikin kuɗaɗen hanya, kamar fetur da ladan 'yan dako. Dokar 1994 ta tanadi tarar sefa miliyan 3 zuwa 10 da ɗaurin shekara 1 zuwa 3 ga mai sara ba izini a dajin gwamnati. Wa ya san mai mota ɗaya a unguwarsu da ya kwana gidan yari kan gawayi?

"To da me za mu yi girki?"

Wannan tambaya gaskiya ce, kuma duk wanda ya raina ta bai taɓa ciyar da gida mai mutum goma sha biyar ba. Farashin hukuma na tukunyar gas mai kilo 12.5 sefa 6,500 ne. Amma kafin nan sai an sayi tukunyar kanta da kan murhu, sannan a riƙa samun kuɗin a dunƙule. Gawayi kuwa ana sayen na sefa 100 a leda, a yi shayi a dafa taliya. Talaka da ɗan abin da ya samu yau yake cefane. Ga kuma tuwon gidan yawa, wanda uwar gida za ta ce maka gas ba ya iya masa.

Saboda haka babu mai hankalin da zai ce a daina amfani da itace bana ko baɗi. Abin da ake iya ragewa shi ne ɓarna, kuma tana da yawa. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa. Murhun laka ko na ƙarfe mai rufaffen gefe, wanda aka yi daidai gindin tukunya, yana rage itace da kusan kashi ɗaya cikin uku. Inda ake kuskure shi ne a raba murhu mai girma ɗaya ga kowa, tukunyar gidan ba ta zauna ba, bayan mako biyu ya zama mazaunin kaji.

A wajen ƙona gawayi ma haka. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, idan aka tura shi rami a haka, wani kason itacen ƙonewa yake yi don busar da sauran. A bar shi ya sha iska wata ɗaya zuwa biyu, a jera manya a tsakiya ƙanana a cike giɓi, a bar hanyar iska a ƙasa, a kafa bututun hayaƙi na durom da aka haɗa da walda, irin tsarin da aka fara a Kasamans ta Senegal. Da wannan, kilo 4 zuwa 5 na itace kan ba da kilo 1. Sai dai wanda ke aiki a ɓoye, kunnensa na kan ƙarar babur, ba zai jira itace ya bushe ba, ba kuma zai kafa bututun da za a hango daga nesa ba. Rashin izini da kansa yana ninka ɓarnar.

Kuma a daina ɗora komai a kan tukunyar mata. Gidajen burodi, masu gasa jan bulo, masu bandar kifi a Lagdo da Maga, masu tsire da kilishi, masu dafa bilbil (burkutu), su ke sayen itace mota-mota. Adadinsu kaɗan ne, wurarensu sanannu ne, ba sa gudu.

"A hana gaba ɗaya, kamar yadda Cadi ta yi"

An gwada a gabanmu. A ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnatin Idriss Déby ta haramta gawayi da saran ɗanyen itace. Niyyar mai kyau ce, don dajin da ke kewaye da Njamena ya riga ya zama fili. Amma an hana kafin a tanadi madadi. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, mata suka fito zanga-zanga a Janairun 2009 aka tarwatsa su, gidaje suka koma girki da kashin shanu da ƙwallon goriba da karyayyun kujeru.

Daga baya Cadi ta sa tallafi a gas, matatar mai ta Jarmaya ta fara aiki a 2011, kuma gidaje da yawa a Njamena sun koma gas. Wannan a yaba. Sai dai buƙatar gawayi ba ta mutu ba, ƙetare kogi ta yi. Abin da ya raba Kuseri da Njamena ruwa ne da gadar Ngeli, kwalekwale kuma ba ya bin gada. Duk lokacin da gas ya yanke a can, itatuwan wannan gefen ke biya, har da na kusa da gandun Kalamaluwe. Hani irin wannan yana ƙara wa kaya tsada, tsada kuma ita ke sa na goro ya yi kauri.

"Ai ana dasa wasu"

Ana dasawa. An farfaɗo da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert a 2008, an kuma dasa dubban itatuwa a sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013 don 'yan gudun hijirar Najeriya. Inuwar darbejiyar da ke titunan Marwa ma wasu ne suka dasa. Amma a ƙirga abin da ya rayu bayan rani biyu, ba abin da aka sa a rami ranar da gwamna ya zo ba. Dashen da ba shi da mai ban ruwa daga Maris zuwa Mayu, ba shi da shinge, abincin awaki ne. Ko ya rayu, ƙiryar da ta shekara hamsin ba a musanya ta da tsiron wata shida.

Abin da ya fi dashe arha yana ƙarƙashin gonakinmu. Kututturen sabara da kalgo da gawo da aka sare saiwarsu na da rai, kowace shekara suna tofo, manomi yana sassabewa ya ƙona. A Maradi ta Nijar, tun daga shekarun 1980, manoma suka koma zaɓen tofo 2 zuwa 5 mafi ƙarfi a kowane kututture, su cire sauran, su riƙa yi musu aski. Suna kiransa sassaben zamani. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka farfaɗo ta haka. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen nasa ne. A nan kuwa, mutum ya raini gawo a gonarsa shekara goma, ranar da ya sare reshe a ce ya biya tara. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya, tun tsiro na ƙarami zai tumɓuke shi.

Daji faɗi gare shi, ƙofofin gari ƙidayayyu ne

Ma'aikatan gandun daji za su ce ba su da yawa, ba su da mota, daji kuma ba ya shiguwa saboda masu garkuwa da mutane a wajen Tuboro da Adamawa, da Boko Haram a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga. Gaskiya suka faɗa. Gandun Binuwai hekta 180,000 ne, Buba Njida 220,000, Faro 330,000, Waza 170,000. Babu rundunar da za ta tsare wannan itace bayan itace.

Amma gawayi ba a daji ake cinsa ba. Dole ya shigo gari, ta hanyoyi huɗu ko biyar, ya sauka a ma'ajiyar da kowa a unguwa ya san mai ita. Ƙarfin da ake ɓatawa kan kekuna a mai da shi nan. Duk abin da bai wuce kayan keke ko jaki ɗaya ba a bar shi ya wuce. Kowace mota a ƙirga buhunanta, a rubuta rana da lamba a jikin takarda, a soke ta a shingen ƙarshe. A yi rajistar injinan sara da lambar jikinsu, wanda aka kama babu rajista a riƙe shi, kuma a bi sawun wanda ya saya, don yaron da ke samun ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a buhu ba shi ya sayi inji ba. Gidan burodi da mai bulo su ajiye littafin wanda ya kawo musu itace. Kayan da aka ƙwace a kai wa makarantun kwana da asibitoci da gidajen yari da ke saye da kuɗi, a rufe ƙofar gwanjo. Sasantawa ta tsaya a kan ƙaramin laifi na farko, mai mota kuma ya ga alƙali. A liƙa jerin kamen kowane wata a ƙofar ofis, da lambar mota da yadda aka ƙare, don mai sa hannu ya san ana karantawa.

Ɗaya gefen shi ne hanyar halal. Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara da dokar 1992: ƙauye ke riƙe da dajinsa, a yanka masa adadin da zai sara a shekara, a karɓi haraji tun a wurin, wani kaso ya zauna a ƙauyen, itacen da ya fito daga dajin da ba shi da tsari kuma harajinsa ya fi tsada. Aikin a ƙasa ba shi da wuya. A raba daji gida-gida, a ce 8 ko 10, a sari gida ɗaya a shekara. A sara ƙasa-ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a karkace don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da kututture. Ba a taɓa itacen 'ya'ya. Gidan da aka sara a kare shi daga wuta da dabbobi damina biyu.

Kamaru ma tana da dajin al'umma a doka tun 1994, har hekta 5,000 na tsawon shekara 25. Amma an ɗinka rigar ne da awon dajin kudu, inda gungume ɗaya zai biya kuɗin ƙwararren da ya rubuta tsarin. Ƙauyen da abin da zai sayar marke ne da gawayi ba zai iya biyan ƙidayar itatuwa da zirga-zirgar takarda zuwa Yawunde ba. A rage takardun su dawo shafi kaɗan, a sa hannu a matakin jiha.

Za a ce jauro da lawan da 'yan kwamiti su ma za su sayar da dajin. Wasu za su sayar, a Nijar ma an ga inda aka zarce adadi, kwamiti ya zama na gida ɗaya. Maganin da aka sani shi ne a karanta kuɗin shiga a bainar jama'a ranar kasuwa, a sa mata masu tsintar kaɗanya da wakilin makiyaya a cikin masu sa hannu, lamido kuma ya san cewa ƙauyen da ya zarce adadinsa za a rufe masa kasuwa shekara guda. Matar da man kaɗanya ke biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta ta fi kowane ma'aikaci saurin jin ƙarar inji, kuma ta san ɗan wane ne ke riƙe da shi. Abin da ba ta da shi a yau shi ne wurin da za ta kai ƙara a rubuta, ba tare da sunanta ya riga ta komawa gida ba.